Hoton Wani, Sunan Wani

"Kowa ya kwanta! Ƙasa na ce!"

Ƙararrawar ƙofa ba ta gama kaɗawa ba, ƙarti biyu sun faɗo shagon, fuska rufe da hular sanyi. Dogon riƙe da ƙaramar bindiga. Gajeren, mai ƙirji kamar firji, ya fizgo sandar wasan besbol daga bango ya sauke ta kan gilashin kanta — rugum!

Tsakar ranar Asabar ce, a shagon tsoho Otis Brandt, mai saye da sayar da katunan 'yan wasa a gabashin Toledo. Mutum ɗaya ce a gaban kanta: Gail Petrak, ma'aikaciyar jinya, da kwalayen takalma cike da katunan besbol da mahaifinta ya rasu ya bari. Ta kawo ne a faɗa mata darajarsu.

"Ina shuɗin kwalin?" in ji dogon. "Mai katin kuskuren nan, hoton wani sunan wani. Kar ki raina mini hankali!"

Gail ta rungume kwalin a ƙirji. Gajeren ya kai mata gindin sanda a muƙamuƙi. Ta zube, jini da haƙori a kan daɓe.

"Kai, ɗan banza! Mace ce fa!" Otis ya yunƙuro, hannunsa ya nufi ƙarƙashin kanta. Waya zai ɗauko ko bindiga, har yau ba wanda ya sani.

Tau! Tau!

Tsohon ya bugi bango, ya sulale, ya zauna kamar mai hutawa.

"Kwashe, mu fece!"

A lungun baya mota na jira, inji a kunne. Suna faɗawa ciki, direban, Lonnie, ya waigo.

"Vince, harbi na ji! Wa aka harba?"

"Ja mota!" in ji dogon.

"Yayata fa? Ka ce ba wanda zai taɓa—"

Bakin bindiga, da sauran ɗuminsa, ya sauka bayan kunnensa. "Ja mota, ɗan Baba."

Lonnie ƙanin Gail ne, ciki ɗaya. Ubansu ya ƙare rayuwarsa a masana'antar gilashi, bai tara komai ba sai katunan nan, tun yana yaro yana ciro su daga ƙunshin cingam. Shuɗin kwalin kuwa ko su bai bari sun taɓa ba. Ana gama jana'iza Lonnie ya ce a sayar a raba.

"A sayar nawa?" in ji Gail. "Ka san shekarar da aka buga su? Ka san kusurwa ɗaya in ta lanƙwashe kuɗin ya zube? Shi kansa katin kuskuren, wani guda goma ne a duniya, wani an buga dubbai. Bari Baba Otis ya duba tukuna."

Gaskiya ta faɗa, amma kunnen Lonnie cuta ya jiyo. Ya kai ƙorafinsa mashaya, kwalba ta buɗe masa baki a gaban Vince, wanda bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba, da yaronsa Boyd.

"Kai dai dolo ne," in ji Vince yana dariya. "Ita da tsohon za su haɗa baki, a ce maka tarkace ne, a ba ka na giya. Mu shiga ranar da ta kai, mu ɗauko maka gadonka. Sunan fashi ne kawai."

"Ba duka fa, Oga."

"Wa zai daki nas? Ko tari ba za ta yi ba."

A asibiti, Sajan Ochoa ta 'yan sandan ciki ta ja kujera kusa da gadon Gail. Otis bai kai asibiti da rai ba.

"Kin ga fuskarsu?"

Gail ta girgiza kai.

"To ga abin da ya ɗaure mini kai. Shago cike da kaya masu tsada, aljihun kanta da kuɗi, ba su taɓa ba. Kwalayenki kawai. Wa ya san za ki je yau?"

Gail ta rufe ido. Ita ta yi wa Lonnie goyo lokacin da uwarsu ke aikin dare. Ita ta karɓo belinsa sau biyu ba tare da Baba ya ji ba. Sai kuma ta hango Otis zaune jikin bango, takalminsa ɗaya ya fita.

Ta yi magana ta tsakanin haƙora, kowace kalma da jini. "Ƙanena. Akwai tsohon garejin tayoyi a bakin kogi. Can yake ɓuya in ya yi ɓarna."

Ochoa ta miƙe.

"Sajan... kar ku kashe shi."

"Ya danganta da abin da ke hannunsa."

A garejin, sun zazzage katuna kan murfin mota. Ɗaruruwan fuskoki, mazaje da huluna da sanduna, ba wanda suka sani a ciki.

"To wanne ne na kuɗin?" in ji Boyd. "Duk kamarsu ɗaya, sai warin tsohon ɗaki."

"Me kuka yi wa Gail?" Lonnie ya sake tambaya.

"Ɗan shafa ta na yi. Ba ta jin magana, yayar taka," in ji Boyd.

Vince ya ciro katin daga shuɗin kwalin, yana cikin 'yar rigar roba. Boyd ya karɓa, ya ɗauki hotonsa da waya, ya shiga laluben intanet da katon yatsansa. Can ya tsaya cak.

"Nawa?" in ji Vince.

"Ba... ba yawa. Canji ne."

"Mu gani."

"Na ce ba yawa, Oga!" Katin ya riga ya shige aljihun rigarsa.

Vince ya fizge wayar. Dala dubu ɗari biyu, ga shi ɓaro-ɓaro. Ya yi murmushi.

"Ni za ka yi wa wayo, Boyd? Ni da na koya maka?"

Boyd ya kai hannu ƙugu — ya makara. Tau! A maƙogwaro. Ya faɗa kan murfin motar, ya ja katuna suka bi shi ƙasa, ƙafarsa na shure-shure.

Vince ya juyo. "Kai kuma, ɗan Baba, kai ne igiyar da za ta ja 'yan sanda zuwa wuyana."

Lonnie ya wawuri ƙarfen kwance taya ya jefa. Ya sami Vince a gwiwar hannu — harsashin ya kauce daga ƙirji ya shige cinya. Lonnie ya faɗi yana ihu.

Jiniya! Ta gaba, ta baya!

"'Yan sanda ne! Ku fito hannu sama!"

Vince ya durƙusa ya zaro katin daga aljihun Boyd, ya banke ƙofar baya, yana gudu yana harbi. Bai kai shingen waya ba. Bindigogi uku suka amsa masa lokaci guda. Ya kife a cikin narkakkiyar ƙanƙara, katin damƙe a tafin hannunsa.

Otis ya tafi, ya bar mata da jikoki. Boyd da Vince ba wanda ya zo neman gawarsu da wuri. Gail ta yi watanni tana zuƙar abinci da tsinken shan lemo. Lonnie bai harbi kowa ba, amma dokar jihar ba ruwanta: wanda ya ja mota da wanda ya ja kunamar bindiga, kisan nasu ne tare. Sai ya yi furfura zai fito, da ɗingishi.

Bayan an yanke hukunci aka mayar wa Gail katunan, ta kai wani masani a Cleveland. Daga nan ta wuce kurkuku, karo na farko. Gilashi a tsakaninsu, kowa da kan waya a kunne.

"Yaya, bakinki ya warke?"

"Yana ciwo in an yi sanyi."

Ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago.

"Katin nan... da gaske dubu ɗari biyu ne?"

"Wannan kuɗin da wani mahaukaci ya rubuta a intanet yana jiran mai saye ne. Ba a taɓa sayen irinsa haka ba. Kuskuren an buga shi da yawa. Ko da bai sha jini ba, da ƙyar ya sayi tayoyin mota. Sauran ne ma suka ɗan yi kuɗi."

Lonnie ya jingina goshi da gilashin.

"Dama rabawa zan yi, Lonnie, kuma na raba. Nawa na kai wa matar Otis, ta karɓa ba ta dube ni ba. Naka na ba lauyanka." Ta miƙe tana gyara jaka. "Bai ma isa ba."