Zobban Shamuwa

Sufeto Shitu ya yi shekaru yana farautar 'yan fashi a Kano, sai ga shi a bazarar 1955 an tura shi ƙasar Kiru binciken gawar tsuntsaye. Di'o ne, Baturen mulki, da kansa ya ce a je, don haka ba halin musu. Mota ta ajiye shi a Dangora, ya ƙarasa Tsamiyar Kulu a kan keke, 'yan doka biyu na biye, shi kuwa sai tsaki yake ja.

Mai ƙarar shi ne Malam Jibrin, wani saurayi da gwamnati ta tura Ingila karatu, ya dawo yana binciken da zai ba shi digiri na biyu. Aikin nasa bin shamuwa. Damina uku ke nan yana hawa rimin ƙauyen yana saka wa tsuntsayen zobe mai lamba a ƙafa, wai yana so ya gane ko wadda ta tafi ita ke dawowa sheƙarta, ko kuwa saran dajin da ake yi saboda ƙudan tsando ya fara korar su. Sufeto ya dubi gajeren wandonsa da doguwar safa cikin wannan zafi, ya raina shi tun kafin ya buɗe baki.

Gawarwakin na jere a gindin rimi, ƙuda na bi. Sufeto ya juya su da ƙafa. An murɗe musu wuya, an datse wa kowacce ƙafar dama.

"Duk masu zobe ne?"

"Duka, Yallaɓai. Marasa zobe ga su can a sama, ba a taɓa ko ɗaya ba."

"To ka sake saka wa wasu mana."

Jibrin ya dube shi kamar zai yi kuka. "Lambar da ke jikin zoben ita ce shaidata. Jira nake su gama zama in hau in karanta. In ba a samo zobban nan ba, aikina duka ya tafi, ba abin da zan nuna wa malamaina."

"Da me kake hawa?"

"Da tsani. Yana zauren Mai unguwa, can nake ajiye shi."

Mai unguwa Labaran ya tarbi Sufeto da gaisuwa mai tsawo, irin ta wanda ke son a manta abin da aka zo yi. Dattijo ne mai tumbi da rini a gemu. A kusurwar zauren wani Bafillatani ne zaune, an ɗaure masa hannu da igiyar rama.

"Ranka ya daɗe, ai mun hutar da kai. Ga mai laifin nan, Hamman sunansa. An gan shi yana kewaya rimin."

"Wa ya gan shi?"

"Mutane."

"Mutanen ba su da suna?"

Labaran ya yi tari. "Abin da ke akwai, Yallaɓai, ruwa ya yi jinkiri bana. Jama'a na cewa ƙarfen da yaron nan ya ɗaura wa shamuwa shi ya ɗaure hadari. Fulani kuwa ka san su da ciyawa, ba ruwa ba kiwo."

Sufeto ya juya wurin Hamman. "Kai ka kashe su?"

"Yallaɓai, ni shanu na sani. Wa ke kashe shamuwa? Ita ke gaya mana damina ta zo."

Tsanin na jingine da bango. Sufeto ya shafa matakinsa na sama, ya ji kashin tsuntsu bai gama bushewa ba, ga ɗigon jini a gefe.

"Yaushe rabon da a fitar da wannan?"

"Tun bara, ranka ya daɗe."

Sufeto ya saki tsanin. Ƙaryar ma da aka yi masa ba a ɓata lokaci an gyara ta ba, wannan ya fi komai ba shi haushi.

Ya fito ya sami Jibrin a inuwa. Abu ɗaya ke damun Sufeto. Mai tsoron an ɗaure ruwa zai jefa zobban a rijiya ko ya binne su da gawar, ba zai zauna yana zaɓen ƙafa kamar mahauci ba.

"Me ka taɓa gaya wa mutanen nan game da zobban?"

"Na yi musu bayanin hijirar tsuntsaye, ba su gane ba. Sai na ce kada wanda ya taɓa su, don zoben nan a wurina ya fi azurfa daraja."

"A gaban wa ka faɗa?"

"A zauren Mai unguwa."

Sufeto ya dube shi ya girgiza kai. An kai mutum har Ingila, ya san inda shamuwa ke kwana a wata ƙasa, bai san abin da kunnen maƙwabcinsa ke ji ba.

"Akwai maƙerin fari a garin nan?"

Akwai, sunansa Hamidu. Suka same shi a rumfarsa yana zuga wuta, da ya ga kakin Sufeto sai ya yi sauri ya tura wani abu ƙarƙashin buzunsa.

"Wa ya kawo maka aikin azurfa kwanan nan?"

"Ba kowa, Yallaɓai. Bazara ce, wa ke ta ado?"

"Wannan fa da ke ƙarƙashin buzunka?"

Ɗan doka ya ɗaga buzun, sai ga wani dunƙulen farin ƙarfe, bai kai ƙwan zabo ba. Sufeto ya ɗauka ya ji shi sakayau.

"Ka san abokin ɓarawo ɓarawo ne?"

"Wallahi ni narkawa kawai na yi. Mai unguwa ya kawo, ya ce in yi wa maiɗakinsa awarwaro. Da na zuba na ga ba azurfa ba ce, sanholo ne, irin na tukunya. Na rasa bakin da zan gaya masa."

Suka koma zaure. Jama'a sun taru a ƙofa. Sufeto ya sa aka kwance Hamman, sannan ya ajiye dunƙulen a gaban Labaran.

"Mai unguwa, ga awarwaronka."

"Ban gane ba, ranka ya daɗe."

"Za ka gane. Tsani a zaurenka, jini a jikinsa, maƙeri ga shi tsaye. Kai ka baza maganar an ɗaure ruwa, don in an wayi gari an ga gawa a ce aikin jama'a ne. Da Di'o ya shigo maganar, ka nemi bare ka ɗaure."

Labaran ya dubi ƙofa, ya dubi ƙasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

"Shi ya ce ya fi azurfa," ya faɗa a hankali, yana nuna Jibrin. "Da bakinsa, a nan wurin. Na ce dukiya na yawo a sama, tsuntsu bai san amfaninta ba. Ni na hau. Sharrin Shaiɗan ne."

"Bar Shaiɗan ya huta, shi ya san sanholo ba azurfa ba ne. Tukunya ka hau rimi ka yanko, da tsufanka."

Wani ya yi dariya a waje. Aka ɗaure Labaran da igiyar da aka kwance daga hannun Hamman.

Sufeto ya miƙa wa Jibrin dunƙulen. Saurayin ya juya shi, ya sake juyawa, yana neman ko lamba ɗaya ta tsira. Babu. A karo na farko Sufeto ya ji tausayinsa, amma bai nuna ba.

Suna fitowa da mai laifi iska ta kaɗa, gabas ta yi baƙi. Kafin su wuce rimin yayyafi ya fara sauka a kan gawarwakin.

"Kun gani ko," in ji wani tsoho a bayansu. "Mai unguwa ya kwance mana ruwa, ga shi za a tafi da shi."

Jama'a suka amsa da "Allah sarki."

Sufeto ya tofar da yawu, ya ce wa 'yan doka su ja shi su tafi. Da ya waiga, Jibrin na tsaye cikin ruwan shi kaɗai, da dunƙulen a hannu, yana kallon sheƙunan masu zoben, ba kowa a ciki.