Jitar Ɗanbaba

Ranar da Zuliha ta fara ganin Malam Wakili, rungume take da jita naɗe cikin tsohon zane, kamar mai kai jariri asibiti. Laraba ce bayan la'asar, a shekarun da Yauri take ƙarƙashin Jihar Sakkwato. An ce mata a gidajen malaman sakandare na Yelwa akwai mai koyar da kiɗa, ta yi ta tambaya har aka nuna mata ƙofarsa.

Ya fito da alli a gefen riga, dogo, siriri, mai sanyin murya. Ya warware zanen, ya daɗe yana duban jitar.

"Tsirkiyoyin nan ba tsinkewa suka yi ba," in ji shi. "Wuƙa aka sa musu."

"Babana ne ya yanke su."

Ba ta yi niyyar ƙara komai ba, amma sai ga maganar tana zubowa. Jitar ta yayanta ce, Ɗanbaba. Wata takwas da suka wuce, da safe, mahaifinsu Malam Umaru masunci ya tarar da shi yana kiɗa maimakon ya je duba mamari, dogon zaren nan mai ƙugiyoyi da suke kafawa a ruwa. Ya zaro wuƙar fawar kifi ya yanke tsirkiyoyin. Ɗanbaba ya shiga jirgi cikin fushi, jirgin ya daki kututturen itacen da tafki ya haɗiye. Sai bayan kwana uku aka tsinci gawarsa can wajen Ngaski. Tun daga ranar Inna, mahaifiyarsu, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yin magana sai ta dole.

"Akwai wani kiɗa da yake yi mata," in ji Zuliha. "Shi kaɗai nake so ka koya mini."

Wakili ya ce ta rera masa. Ta rera. Allah sarki, kafin ta kai ƙarshe shi ne ya kau da kai.

A barandar Gwaggo Delu, ƙanwar Malam Umaru da ke cikin Yelwa, suka riƙa yin darasin, duk Laraba in Zuliha ta taso daga firamaren da take koyarwa. Gwaggo na zaune tsakaninsu tana ɓarar gyaɗa, wai ita mai gadi. Wakili ya ɗaura wa jitar tsirkiyoyin waya, masu cizo. Sati na farko yatsun Zuliha na hagu suka yi bororo, na uku suka fashe, daga baya suka yi kanta.

"'Yar Sarkawa masunta, danna da kyau mana," yakan ce. "Hannun da ke jan ragar koma ne zai ji tsoron waya?"

"Malam Tsirkiya, kai dai faɗa kawai ka iya."

"Na iya wani abu kuma, kunyar Gwaggo ce ta hana ni faɗa."

"Faɗi abinka, ɗan nan, kunnena guda ba shi ji," in ji Gwaggo, ba ta ko ɗago kai ba.

Ya faɗa kuwa: sonta yake yi. Zuliha ta rufe fuska da gyale, ta yi dariyar da rabonta da ita tun rasuwar yayanta. A hanyar komawa gida sai dariyar ta koma kuka, don gani take kamar ta ci amanar mamaci.

Wata rana tana miƙa wa mahaifinta ruwan alwala sai ya riƙe hannunta na hagu. Ya juya shi, ya dubi kan yatsun. Mutumin da ya yi shekara arba'in cikin zare ya san inda koma ke cin hannu, kuma ba nan ba ne. Ya taɓa ganin irin wannan kanta a hannu ɗaya tak, na Ɗanbaba.

"Mi kika taɓa?"

Ta yi ƙoƙarin janye hannun, ya ƙara riƙe shi.

"Wa ya koya miki?"

Ta faɗi sunan. Bai doke ta ba, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata ta ke nan.

"Wagga aba ta ci mini ɗa guda. Ba ta ƙara cin wani."

Da kawunnan Wakili suka zo neman iznin zance, a zaure ya sallame su. Ya ce shi bai ba makaɗi ɗiyarsa, ko da makaɗin yana ɗaura agogo yana karɓar albashin gwamnati.

Dama akwai Maikuɗi, dillalin banda mai lodin kifi zuwa Kudu, wanda ya daɗe yana son Zuliha tana kakkaucewa. Shi ya tare ta a bakin kasuwa da fuskar tausayi.

"Malamin naki fa duk Asabar yana gidan su Rahila, mai waƙa a coci. Na ce bari in gaya miki, kar ki ji a bakin duniya."

Kishi bai da kunya, wallahi. Zuliha ta rubuta takarda ta ba Gwaggo:

"Malam Wakili, na gode da karatu. Ka ci gaba da na Asabar, na Laraba ya ƙare."

Amsa ta zo washegari cikin ƙullin gyaɗa:

"'Yar Sarkawata, jita biyu ce kaf garin nan, taki da ta cocin su Rahila. Ina koya wa mawaƙansu, su kuma suna ba ni tsirkiya, don babu mai sayar da ita kusa. Wayar da ta fasa miki yatsu daga can ta fito. Ga wadda ta fi wannan zafi: takarda ta zo daga Sakkwato, an mayar da ni Gusau ƙarshen zangon nan. Ba zan ɗauke ki ba da yardar Baba ba, ba kuma zan iya son wata ba. Ki gaya mini yadda zan yi. Naki, Malam Tsirkiya."

Ta karanta har takardar ta yi laushi. Sati uku suka rage. Idan mahaifinta bai sauko ba, shi ke nan, ta rasa Wakili kamar yadda ta rasa Ɗanbaba, sai dai shi yana raye.

Ranar Juma'a da hantsi ta ɗauko jitar daga gidan Gwaggo, ta shigo da ita gida a fili, ba zane ba komai. Malam Umaru na gindin mangwaro yana ɗinkin koma. Ta wuce shi, ta zauna gaban Inna a ƙofar ɗaki, ta fara kiɗan.

Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Inna ta saurara har ƙarshe, idonta a bushe, sannan ta girgiza kai.

"Ba muryatta ke nan ba," ta ce a hankali. "Ta Ɗanbaba ba ta ƙara haka."

Wata huɗu na bororo da ɓoyo, ga abin da suka haifar. Zuliha ta kifa kai a kan jitar tana jiran wuƙar mahaifinta, don ta ji takunsa a bayanta.

Ya tsaya a kanta. Ya sa babban yatsa ya ja tsirkiya ɗaya, ya saki.

"Waya ce," ya ce. "Shi ba waya ya ɗaura ba. Zaren mamarina yake sata. Kullum ina ganin ƙullin yana raguwa, ina yi kamar ban gani ba." Ya sake jan tsirkiyar. "Da na sa wuƙa, zarena na yanke. Ni na san kaurin kowane."

Ya shiga ɗakinsa ya fito da ƙullin zaren nailan uku, siriri da matsakaici da mai kauri, ya ajiye a kan tabarma.

"Aika a kira malamin. Ni ban iya ɗaurawa ba."

Wakili ya iso bayan an sauko daga masallaci, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa. Babu wanda ya yi zancen aure. Ya kwance wayoyi uku na ƙasa, tsohon yana miƙa masa zare, yana gatsa shi da haƙori daidai tsawon da ake so.

"Ba wanga ba, ɗan nan, shi na tsakiya ne."

"To, Baba."

Zaren ya yi ta saki, Wakili yana ƙara ɗaurewa, har inuwa ta juya. Sannan ya miƙa wa Zuliha.

Sautin ya fito a dushe, mai taushi, ba shi da kyan na waya ko kaɗan. Amma tun kafin ta kai rabi Inna ta dafe ƙirji.

"Ɗanbaba!" ta ce. "Wayyo ɗana!"

Kukan da ta riƙe shekara guda ya ɓalle, har maƙwabta suka leƙo ta kan zana. Malam Umaru ya durƙusa gabanta, hawaye na bin gemunsa.

"Ni na kore shi da fushi, Barira. Ki yafe mini."

"Kwanansa ne ya ƙare, Malam," in ji Inna cikin kuka. "Amma kar ka kori wagga ita ma."

Tsohon ya share fuska da hannun riga. Ya dubi yatsun ɗiyarsa, ya dubi Wakili da ke durƙushe har yanzu.

"Ka ce wa kawunnanka su dawo."

An ɗaura auren kwana huɗu kafin tafiya Gusau. Ba a yi wani taron a zo a gani ba, gidan bai gama fita daga makoki ba. Gwaggo Delu ce ta yi guɗa, ita ma da hawaye. Da ta zo sa wa amarya lalle ta ce kan yatsun hagun sun ƙi kamawa, Wakili ya aiko a gaya mata a bar masa su haka, a nan ya fara ganin matarsa.

Da safen tafiya, an ɗora akwatuna a mota, Zuliha ta durƙusa gaban iyayenta. Inna ta dafa kanta.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a mai jin ƙai, shi tsare ku da fushin safe."

"Amin, Inna."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki jitar, sai ta fasa, ta ce a bar wa Inna. Malam Umaru ya ɗauke ta da kansa ya sa wa Zuliha a cinya, ya cusa wa Wakili sauran ƙullin zaren a aljihu.

"Ku tahi da ita. Nan babu mai kaɗa ta. In zaren ya ƙare ku zo gida ku karɓa, kar ku aiko."

Suna zuwa kuwa, duk hutu.