Tambayar Yaya Malachy

"Ba zai tako gidan nan ba, Nuala! Muddin ina numfashi!"

Yaya Malachy ya buga sandarsa a ƙasa da ƙarfi.

"Haba Yaya, ko magana fa ba ka taɓa yi da shi ba..."

"Na ga irinsu. Ya ishe ni."

Mu biyu muka rage a gidan tun rasuwar Mama. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙasarmu ta ce ba ruwanta da kowane ɓangare, Yaya ya gudu daga sojan Ailan ya shiga na Ingila don ya yaƙi Jamus. Ya dawo da gurguwar ƙafa. Gwamnati ta hana shi aiki, gari ya laƙaba masa maci amana. Ko a coci ba mai zama kusa da mu.

Shi kuwa Lothar, tsohon hafsan sojan Jamus da ya sayi gonar kan tudu, har Fada, limamin cocinmu, sai da ya je yi masa barka da zuwa. A mashaya rububinsa ake yi. "Ai wanda ya yaƙi Ingila namu ne," in ji su, don ba su manta mulkin mallakar da ta yi mana ba.

Ni ba don haka na so shi ba. Na haura talatin ba namijin da ya taɓa tambayata ko na gaji. Lothar ne ya fara, ranar da ya tarar da ni cikin ruwan sama ina tura keke da tulun madara. Ya yafa mini rigarsa, ya rako ni har ƙofa. Da bazara ta zagayo ya sa mini zoben alkawarin aure.

"Hasken idona," yakan ce, "ni ma ba ni da kowa. Mu zame wa juna dangi."

Bayan rigimar na daina cin abinci, sai kuka. Yaya ya gaji da kallona.

"Ki kira shi ran Lahadi. Tambaya kawai zan yi masa."

Na dafa farfesun rago da kabeji. Lothar ya zo da furanni, ya cire hula ya gaida Yaya cikin ladabi. Har na fara murna.

"A ina ka yi aiki?" in ji Yaya.

"A Poland."

"Aikin me?"

"Jiragen ƙasa. Ni ke tsara tafiyarsu."

"Me suke ɗauka?"

Lothar ya ajiye cokali.

"Umarni aka ba ni..."

"Malam, cewa na yi me suke ɗauka?"

"Mutane."

Yaya bai ɗaga murya ba.

"Ni na ga irin sansanin da ake sauke su a hallaka su. Da hannun nan na binne yara, Nuala. Ba su kai nauyin kaza ba."

Bai taɓa faɗa mini ba. Ya ja sandarsa ya shige ɗaki.

Na raka Lothar bakin shinge. Da zai ce mini abin na hana shi barci, na rantse da na bi shi.

"Lothar... ka taɓa yin kuka saboda su?"

"Masoyiyata, abu ya wuce! Duk garin nan ba wanda ya taɓa tambayata. Me ya sa sai ku?"

Na dube shi. Fuskar da nake so ce, ba abin da ya canza a cikinta. Na zare zoben na sa a tafinsa.

"Nuala, kar ki yi mana haka!"

Na juya da gudu don kar ya ga hawayena.

Shekara na zagayowa ya auri 'yar mai kantin gari. Kowa ya je bikin, ban da mu. Ina madafa ina jin ƙararrawar coci, Yaya ya shigo ya tsaya a bayana.

"Ki yafe mini, ƙanwata."

"Har yanzu ina son sa, Yaya..."

"Na sani."

Ya ja kujera, ya ɗauki wuƙa. Muka ci gaba da feran dankali har ƙararrawar ta yi shiru.