Ranar da Baba Ya Jefa wa 'Yan Nan-take Magana

"Halilu, in ba ka barin wasan ga, tashi ka ba ni wuri!"

"Haba sanyin idona... Baba ya kore ni, ke ma korata za ki yi?"

Dariya ta so ƙwace mini, na danne ta. Matsalata da Halilu ke nan, ba a iya kai fushi ƙarshe da shi. Jiya manyansa suka zo neman aurena, Baba ya sallame su a tsaye. Ya ce shi Malam Ɗanladi mai hatsi ba zai ba ɗan wasa 'yarsa ba.

Ƙungiyarsu, 'Yan Nan-take, daga tashe ta faro. Yaran unguwarmu ne a nan Bukkuyum, da gemun auduga da tsohuwar rigar kakan Halilu. Azumi ya wuce, su ba su daina ba. Ba sa rubuta komai, ba sa haddace komai. Wani cikin 'yan kallo zai jefa magana, su cafe su mayar da ita wasa a take. Daga filin makaranta suka shiga gidajen biki, aka fara ɗaukarsu a babur zuwa Adabka, yanzu kuwa har daga Gummi da Anka mota ake aiko musu. Bidiyonsu na cikin wayar kowa, har ta Baba, ko da yake ya rantse wai bidiyon da kansa ya shiga.

"Nusaiba," in ji Halilu, muryarsa ta yi sanyi, "ina sonki hiye da yadda baki ka iya hwaɗi. Amma tare munka taso da mutanen ga. In na watsar da su yau, wane irin miji za ki samu?"

Na shige gida na sha kukana, don na san gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ba ta yi mini daɗi ba.

Ranar kasuwa bayan la'asar suna da wasa a filin makaranta. Na ce ba zan je ba. Na je. Na laɓe cikin mata ina hararar Halilu ta ƙasan mayafi.

Musa, amininsa da ke karɓar magana, ya ɗaga hannu. "Jama'a, a jeho muna!"

Sai wata murya daga baya, muryar da na sani tun ina goye.

"Ku yi man tsohon da yah hana ɗan wasa ɗiyatai!"

Baba! Fili ya yi tsit, don babu wanda bai san zancen ba. In Halilu ya yi masa ba'a na rasa shi, in ya noƙe kuma Baba ya kunyata shi a gaban gari.

Halilu ya tura hularsa ƙeya, ya goya hannuwa a baya, ya yi gyaran murya sau biyu. Wallahi Baba sak! Musa ya zube a gabansa, ya zama mai neman aure.

"Baba, ina da gona."

"Gero kaka shukawa ko dariya?"

"Ina da babur sabo..."

"To ka aure shi mana!"

Fili ya kece da dariya. Wata tsohuwa kusa da ni har da riƙe ciki. Na saci kallon Baba, gemunsa na rawa, yana ta ƙoƙarin haɗe rai.

"Baba," in ji Musa, "to mi nay yi maka?"

Halilu ya zauna a bakin benci a hankali, irin zaman da Baba ke yi a zaure in ya ɗauka ba mai ganinsa.

"Ba ka yi man komi ba, yaro. Tun da Innarta tar rasu, ita ɗai ka sa a yi dariya gidan ga. In ka ɗauke ta... da wa zan yi hira?"

Hawaye suka zubo mini. Ni da nake kai wa Baba tuwo kullum, ban taɓa gane wannan ba.

Baba ya ratso mutane har tsakiyar fili. Halilu ya sauko ya durƙusa. Baba ya kai hannu ya gyara masa hular.

"Ba haka nika aza ta ba." Aka yi 'yar dariya. Baba ya rage murya. "Sauran kuwa... wa yag gaya maka?"

"Ba kowa, Baba. Kallon mutane shi na aikinmu. Kuma kangon da ke jikin katangarku nika son ginawa. Ko tari kay yi, tana ji."

Baba ya share ido da hannun riga, ya waiwayo wajen mata, ya gan ni, ashe tun ɗazu ya san ina nan.

"Tashi ka ƙarasa wasanka, jama'a na jira," in ji shi. "Ka hwaɗa musu tsohon ya yarda."