Tsohon da Ke Kan Bencin Asibiti

Mai sharar asibiti ce ta kira 'yan sanda. Wani tsoho ya cika a zaune kan bencin bakin ƙofa, cikin rana.

Sufeto ya tsuguna ya duba gawar. Riga wankakkiya, maɓallai a jere, farce a yanke. Aljihu wayam.

"Tun shekaranjiya yake nan," in ji mai sharar. "Na ce Baba shigo inuwa, ya ce shi jira yake."

A ofis aka tarar da rahoton ɓatan wani tsoho mai ciwon mantuwa. Ɗansa, wani makanike, shi ya kai rahoton. Sufeto ya nufi gidan.

Falon ba komai sai tabarma da sawun kujeru a siminti. Matar makaniken ta tarbe shi da jajayen idanu.

"Ina kayan ɗakin?"

"Magani ya cinye su, ranka ya daɗe. Da muka kasa biyan mai jinya, aikina ma na ajiye."

"Baba yana sa riga da kansa?"

"Ina! Maigidana ke yi masa komai."

Sufeto ya leƙa ɗakin tsohon. Sakatar ƙofar a waje take. Wani lokaci gano gaskiya ba ya da daɗi ko kaɗan.

A gareji ya sami makaniken a gindin mota.

"Fita ya yi, Yallaɓai. Ai ya saba."

"Daga ɗakin da ake kullewa ta waje? Wa ya ɓalla masa maɓallai?"

Sifana ta suɓuce daga hannun makaniken. Ya zube a ƙasa, ya fashe da kuka.

"Wallahi ba mutuwarsa nake so ba. Ba sauran abin sayarwa. Na ce in suka ga ba shi da kowa, za su kwantar da shi kyauta. Na ce, Baba zauna nan, yanzu zan dawo. Mutumin da sunana ma ya manta! Na ɗauka zai manta, ya tashi ya shiga ciki."

Sufeto ya sa masa ankwa, tausayi kamar ya kashe shi. Sun yi nisa a mota kafin makaniken ya ɗago kai.

"Yallaɓai, gawar fa? Ita ma sai mun biya za a ba mu?"

Sufeto ya san amsar. Ya juya ya kalli titi.