Ranar da Kifi Ya Taso a Magiya

Sufeto Muttaƙa bai gama shan shayinsa ba, wani dattijon makiyayi ya shigo komisariyar 'yan sandan Konni, ƙafafunsa duk laka. Sunansa Chindo.

"Ranka shi daɗe, shanuna sun sha ruwan kogin Magiya da sahe. Biyu sun faɗi, ba su tashi ba."

Sufeto ya kira Fa'izu, ɗan sandan da ke aiki ƙarƙashinsa, suka hau mota.

Ƙarshen damina ne, kogin ya ja baya amma yana gudu a hankali. Tun daga nesa suka ji warin maganin ƙwari. Kifi ya taso saman ruwa, cikinsa a sama, sai ka ce an watsa audugar rimi.

Wasu samari da 'yan mata sun ja igiya a bakin gaɓa, sun jeru suna mayar da mata masu bokiti da masu jakuna. Sufeto ya san su. 'Yan Magiya ake ce musu, ƙungiyar da ke dasa itace a bakin kogin, tana kwashe leda, ita ce kuma ta yi ta zarya wurin hakimi har aka hana kamun kifi da gidan sauro.

Jama'a sun taru suna zaginsu. Ɗaya daga cikinsu, Anwar ɗan kabu-kabu, jini na zuba a goshinsa, an jefe shi da dutse. Bai saki igiyar ba.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Ayuba mai kifi.

"Su ne, ranka shi daɗe. Jiya da marece na gan su da jarkoki suna zuba wani abu bakin ruwa."

Sufeto ya juya ga shugabar ƙungiyar, Madam Ikilima, malamar lakwal, wato makarantar boko.

"Me kuka zuba?"

"Ruwa munka ba dashe. Ga jarkokin nan, a shinshina."

Ya shinshina ɗaya bayan ɗaya. Babu komai sai warin roba.

"Ana jifanku. Me ya hana ku tafiya?"

"In munka tahi, wa zai hana yara ɗiba?"

Sufeto ya dube ta. Ya kama gaɓa ya yi sama, Fa'izu na biye. Suka wuce layin dashen, mataccen kifi bai ƙare ba. Sai da suka kai wata kwana ƙarƙashin giginya, can sama da nisa, sannan ruwan ya gyaru. Gaba da nan ƙananan kifi na wasansu.

"A nan aka zuba," in ji Sufeto. "Dashen yaran nan yana ƙasa. Ruwa ba ya dawowa da baya."

Daf da kwanar akwai garkar albasa ta wani Nafi'u. Suka tarar da shi yana ƙoƙarin rufe bukka.

"Kana da maganin feshi?"

"Ni? Bana ko kwalba ban saya ba."

Fa'izu ya ɗaga buhun da ke bakin bukkar. Ƙarƙashinsa galan ne babu takarda, da tarin ƙananan kwalabe.

Nafi'u ya share gumi. "Daga ƙetaren iyaka aka kawo mini. Ina ɗura ma masu garka kaɗan-kaɗan. Amma wallahi ban zuba ma kogi ba. Da shi nike ban-ruwa, in kashe albasata?"

"Wa ya saya kwanan nan?"

"Mutane da yawa. Ban riƙe huska ba."

"Za ka tuna a buro, in mun koma komisariya. Fa'izu, sa shi mota."

Da Sufeto ya dawo, matasan sun haƙa rami nesa da ruwa, sun ɗaure hannuwa da leda suna zuba kifin don kada wani ya kwasa. Ya tsuguna bakin ramin ya daɗe yana kallo.

"Madam, kogin nan ba shi da manyan kifi?"

"Akwai. Tun da anka hana gidan sauro, tarwaɗa ta girma. Akwai wadda ta kai damtse."

"To ina suke? Duk waɗannan ba wanda ya wuce tafin hannu."

Ikilima ta leƙa ramin, ta ɗago.

"An tsince su kafin mu zo," in ji ta. Sai fuskarta ta canza. "Yau kasuwa ke ci."

Sufeto ya miƙe. 'Yan sandan da ke hannunsa ba za su iya kewaye kasuwar Konni kafin azahar ba, ya kuma faɗa mata haka.

Ba ta jira ya roƙa ba. Ta raba yaranta kashi biyu, rabi suka tsaya kan igiya, rabi suka hau moto, wato babura. Ta ɗauki saƙon murya a salula ta watsa: duk wanda ya sayi ɗanyen kifi yau kada ya ci. Aka tura wani masallacin kasuwa a faɗa a lasifika. Anwar ya ɗaure goshinsa da tsumma ya tayar da moto.

Sufeto ya waiga neman Ayuba. Babu shi.

A layin masu kifi suka same shi, da babbar roba a gabansa, saura 'yan tarwaɗa kaɗan.

"Daga ina kifin nan?"

"Daga baraji, ranka shi daɗe. Madatsar ruwan can ta Mozage. Da asuba aka kawo mini."

"Wa ya kawo?"

"Wani yaro. Baƙo ne."

Sufeto ya dubi teburin maƙwabcinsa, ƙuda ya yi baƙi a kai, mai shi na ta kora da kwali. Ya dubi na Ayuba. Ƙudan da ke nan a ƙasa suke, kewaye da robar, matattu.

"Ƙudanka ba su da lafiya, Ayuba."

"Zahin rana ne."

"Rana ɗaya ce da ta maƙwabcinka."

Sufeto ya sa aka fito da Nafi'u daga mota. Nafi'u ya ga robar, ya ga ƙudan, ya sunkuyar da kai.

"Shekaranjiya ya karɓi kwalba biyu. Ya ce kuɗin cizo ya dame shi a ɗaka."

"Ƙarya yake," in ji Ayuba. "Shi ke da magani, shi ke bakin kwana. Ku tambaye shi."

Yana cikin wannan musu matasan suka fara dawowa, kowa da ledar kifi. Wani daga gidan abinci, wani daga tasha, wata yarinya Balki har cikin tukunya ta tsamo nata. Ikilima na tambayar masu teburin kusa su wa suka gani sun saya, tana tura matasan su bi su.

"Saura wa?" in ji Sufeto.

Wata tsohuwa mai daddawa ta ce, "Saura Zahara'u, matarshi. Sa'ad da yake can bakin kogi ta zo, ta ɗebi manya biyu ta ce za ta yi ma yara miya."

Ayuba ya daskare. Ya dubi tsohuwar, ya dubi rana da ta kusa tsaka.

"Yaushe?"

"Tun hantsi."

Ya zabura zai ruga, Fa'izu ya riƙe shi.

"Ina za ka? Ai kifin baraji ne," in ji Sufeto.

"Ku sake ni. Don Allah a kira ta, kada ta ba su. Ni na zuba. Ni ne."

Zahara'u ba ta da salula. Motar 'yan sanda kuma ba za ta ratsa cunkoson kasuwa ba.

"Na san gidan," in ji Anwar. Kafin a amsa ya ɓace tsakanin rumfuna.

Ayuba ya zauna a ƙasa. Ba a tambaye shi ba, ya shiga faɗi. Tun da aka hana gidan sauro kamunsa ya ragu, yana kuwa ganin tarwaɗa na ƙiba a kwanar. Ya zuba kwalba ɗaya da asuba, ya tsinci manyan. Da ya ji shanu sun mutu sai tsoro ya kama shi, ya tuna jarkokin jiya, ya ɗora wa matasan laifin.

"Na ce wanki zai fid da shi. Wallahi na wanke su sosai."

Chindo makiyayi, da ya biyo su har kasuwa, ya jingina da sandarsa yana kallonsa kawai.

Salular Ikilima ta yi ƙara. Ta saurara, ta ce, "To, kai su likita duk da haka, a duba."

Ta juyo. "Anwar ya tarar an zuba tuwo, ana jiran miya ta huce. Zahara'u ce kaɗai ta ɗanɗana gishiri. Yara ba su ci ba."

Ayuba ya rufe fuska da hannu biyu, yana kuka. Fa'izu ya bari ya gama, sannan ya sa masa ankwa.

A bakin mota Ayuba ya tsaya.

"Madam."

Ikilima ta matso.

"Kwalba ta biyu tana nan. Na tura ta cikin saiwar giginya, daf da ruwa. Marfin ba ya kamawa sosai."

"Zan tura mutanena yanzu," in ji Sufeto.

"Namu na can kan igiya, ranka shi daɗe, sun fi kusa. Za su tsare wurin, ba za su taɓa ba sai kun iso."

Ta riga ta kai salula kunne. Sufeto ya tura Ayuba ciki kusa da Nafi'u, ya rufe ƙofa, ya ce wa direba su fara bi ta kogi.