Golan Ajilari

Ƙamshin turare ya cika tsakar gidan Hajiya Turai da ke Limanti. 'Yarta Rumaisa'u na durƙushe gaban kasko tana juya itacen sandal cikin narkakken sukari, amma kunnenta gaba ɗaya yana ƙofar gida, inda yayanta Khalil da abokansa suka shimfiɗa tabarmar majalisarsu ta bayan la'asar. Yau akwai baƙo a majalisar: Zayyad, wanda manyansa ke shirin zuwa neman aurenta. Tun bayan rasuwar mahaifinsu, baffansu na Kano ya ce duk wanda Khalil ya yarda da shi, shi ma ya yarda. Don haka ta san shayin da aka gayyaci Zayyad ya sha yau ba shayi ne kawai ba.

Da farko hira ta yi daɗi. Chukwuma mai sayar da kayan gyaran keke, haifaffen Maiduguri wanda Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan, ya tasa Khalil a gaba.

"Ku 'yan Arsenal halin tuzuru gare ku, kullum sai baɗi in Allah ya kai mu."

Khalil ya ce ai ɗan Chelsea ba shi da bakin magana, kulob ɗin da ke sauya koci kamar mai auri-saki. Aka kwashe da dariya, har da Zayyad. Rumaisa'u ta tsinkayi dariyarsa cikin ta mutane, ta sunkuyar da kai don kada Umma ta ga murmushinta.

Da aka tambaye shi nasa kulob ɗin, Zayyad ya ce shi ba shi da na Turai. Nasa su ne samarin Ajilari da yake horarwa a filin bayan makarantar firamare, kuma bana sun yi nisa a gasar kofin unguwanni. Wani a majalisar ya ce ya kalli wasansu, golansu kamar da danƙo a hannunsa. Sai mutumin ya ƙara da cewa, cikin raha, an ce a daji ya koyi tsalle.



Khalil ya nemi a fassara masa. Zayyad bai ɓoye ba. Ya ce sunan golan Muhammad Auwal, yana ƙarami 'yan daji suka kwashe shi daga ƙauyensu, ya girma a hannunsu, daga baya ya gudo ya miƙa wuya, hukuma ta tsare shi ta tantance shi sannan ta sake shi.

Nan take zancen ƙwallo ya mutu. Wani ya ce ana lallashin tubabbu, waɗanda suka mayar marayu kuwa ba mai tuna su. Wani ya ce Allah da kansa yana karɓar tuba, wani ya amsa masa da cewa Allah yana ganin zuciya, mu ba ma gani. Chukwuma, wanda aka taɓa ƙone masa shago ƙurmus, ya ce shi har yau bai san abin da yake ji ba, ba zai tafa wa yaron ba, ba zai kuma jefe shi ba. Murya na hawa kan murya. Khalil kaɗai ya yi shiru. Mahaifinsu ya fita kasuwa wata safiya a shekarun tashin hankali, bam ya tashi, Khalil ne ya je asibiti ya gano gawar.

Da ya buɗe baki, a hankali ya yi magana, wannan ne ma ya fi tsorata ta.

"Zayyad, ba ni da matsala da kai. Amma mutumin da ke dafa kafaɗar irin waɗannan ba zai zama surukin gidan nan ba. Ka cire shi, manyanka su zo. Ka bar shi, ka bar ƙofar nan."

Sai da Umma ta ce, "Ke, turarenki," sannan Rumaisa'u ta lura kaskon ya ƙone baƙi ƙirin.

Washegari da hantsi ta kira Zayyad a waya. Ta shirya magana mai tsari, amma tana jin sallamarsa komai ya watse. Ta tuna masa yadda suka jira ya gama karatu, suka jira ya sami aikin koyarwa, ta kori masu zuwa da manyan motoci daga GRA ba tare da ta ko leƙa su ba. Yanzu da abu ya zo gangara, sai ƙwallo ta raba su?

Ya ce ba ƙwallo ba ce. Ya ce a unguwarsu ba mai ba Auwal hannu, mai shayi ma kofinsa daban yake ajiye masa. Filin nan ne kaɗai wurin da ake kiran sunansa da ƙarfi ba don zagi ba.

"Gola nawa ne a garin nan, Zayyad? Ka ɗauki wani. Ni fa — ni in ka rasa ni, shi ke nan?"

Kuka ya ƙwace mata. Tana jin numfashinsa a wayar. Daga ƙarshe ya ce, "Ki daina kuka, Rumaisa. Zan yi."

Ya kuwa yi. Labari ya iso majalisa, Khalil ya shigo gida ya ce wa Umma a gaya wa mutanen Ajilari ƙofa a buɗe take. Ƙawaye suka fara zancen anko da lalle. Rumaisa'u na amsa musu da fara'a, sai dai Zayyad ɗin da ke kiran ta yanzu ba shi da dariya. Yakan tambayi lafiyarta, ya tambayi ta Umma, sai su yi shiru kamar baƙin juna.

Wata ranar Laraba Umma ta aike ta kai turare da humra gidan wata amarya a Ajilari. A hanyar dawowa keken da ta shiga ya bi ta bayan makarantar, ta hango samari suna tirenin, ta hango Zayyad da usur a wuya. Ta ce wa mai keken ya ɗan tsaya.

Can gefe, a wajen fili, wani dogon saurayi na zaune kan rusasshiyar katanga ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, safar hannu ta gola a kan cinyarsa. Duk lokacin da aka buga ƙwallo raga, sai kafaɗunsa su motsa kamar shi ne a ciki. Da ƙwallo ta fita waje ta nufo shi, ya cafe ta da hannu ɗaya ya jefa musu. Ba wanda ya dube shi. Zayyad ma ya juya baya, amma ta ga yadda ya juya: irin juyawar mai jin kunya.

Mai keken ya bi idonta da kallo ya yi tsaki. Ya ce tubabben nan ne, an kore shi amma ya ƙi daina zuwa. Ya ƙara da cewa irinsu in suka rasa wurin zama a gari, kowa ya san inda suke komawa.

Ita ce ta ɗora shi kan katangar nan, da hawayenta ta ɗora shi. Ta sauka, ta sallami mai keken, ta tsaya bakin fili har Zayyad ya hango ta ya taho da sauri yana tambayar ko lafiya.

"Ka mayar da shi raga."

"Kin san abin da Yaya Khalil zai—"

"Na sani. Na fi ka sani." Ta riƙe gefen hijabinta da ƙarfi. "Ina son ka, Allah ya sani. Amma mutumin da nake so shi ne wanda ya ce mini ba ƙwallo ba ce. Wannan da na mayar da kai, ban san shi ba."

Ba ta bari Khalil ya ji a bakin majalisa ba. Ita ta same shi a zaure ta durƙusa ta gaya masa. Ya dube ta kamar bai taɓa ganin ta ba. Ya ce ita ba ta ga abin da ya gani a asibiti ba, shi ya sa take da bakin tausayi. Ta ce gaskiya ne. Ya ce ta zaɓi ɗan daji a kan jinin ubanta. Ta ce ba haka ba ne, Yaya, amma kuka ya hana ta ƙarasawa.

"Wallahi tallahi, muddin da izinina za a yi, Zayyad ba zai aure ki ba."

Ya hana ta kiransa, ta bi. Ba ta saci hanya ba, ba ta aika saƙo ta hannun ƙawa ba. Watanni suka shige. Ajilari ta kai wasan ƙarshe aka lallasa ta, majalisa ta samu abin dariya, ana cewa ashe danƙon ya narke. Matan layi in sun zo sayen turare sai su yi ta habaici kan 'yan matan zamani marasa kishin iyaye. Rumaisa'u ta rame har awarwaronta na zamewa. Abinci ba ya wuce mata, karatun littattafan da take so ma ta kasa, sai ta buɗe shafi ta zuba masa ido. A sujada ba ta ma san me za ta roƙa ba: in ta ce Allah ya ba ta Zayyad sai ta tuna fuskar yayanta, in ta ce Allah ya cire mata shi sai harshenta ya ƙi. Ranar da ta ji dangin Zayyad sun fara yi masa zancen wata 'yar'uwarsu, ta shige ɗaki ta toshe bakinta da filo don kada a ji.

Umma ta ji. Duk tsawon rikicin nan Hajiya Turai ba ta ce uffan ba, don ita ba ta taɓa yin zancen ranar da bam ya tashi a kasuwa da kowa ba, ko da 'ya'yanta. Ta zauna bakin gado ta tambayi 'yarta abin da ta gani a Ajilari da ya sa ta yi wa kanta haka. Rumaisa'u ta gaya mata. Umma ta ɗauki mayafinta ta ce, "Tashi ki kai ni."

Suka tsaya nesa da fili. Zayyad ya hango su ya rasa inda zai sa kansa. Umma ba ta kira shi ba, golan ta sa aka kira mata. Auwal ya zo yana haki, ya cire safar hannunsa, ya tsuguna ya gaishe ta da "wushe", gaisuwar Barebari irin ta mutanen ƙauye, bai san ko wace ce ba. Ta daɗe tana kallon sa. Tambaya ɗaya ta yi masa.

"Mahaifiyarka na raye?"

Ya dubi ƙasa. "Ban sani ba, Hajiya."

Suka koma gida. Umma ta aika aka taso Khalil daga majalisa, ta sa shi ya zauna a gabanta kamar lokacin da yake yaro. Ta gaya masa inda ta je. Ya zabura, ya ce, "Umma, kin yafe musu ke nan?"

"Ban yafe ba. Wanda ya kashe mahaifinku, ni da shi sai gaban Allah. Amma ban san fuskarsa ba, kai ma ba ka sani ba, shi ya sa kake liƙa ta a kan duk wanda ka samu. Yaron da na gani yau, lokacin da abin ya faru ko famfara bai gama ba." Ta numfasa. "Sun raba ni da mijina, Khalil. Ba zan zauna ina kallo su raba 'yata da nata ba, kuma da hannunka."

Khalil ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara girgiza. Rumaisa'u ba ta taɓa ganin kukan yayanta ba, ko ranar jana'iza. Da kyar ya ce ya riga ya rantse. Umma ta ce addini bai bar mai rantsuwa a ɗaure ba: wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, sai ya yi kaffara ya bi alherin. Ta ce ya nemo miskinai goma, ita za ta dafa.

Ba a ranar ya amsa ba, ba kuma a makon ba. Amma wata Juma'a ya shigo da buhun shinkafa a kafaɗa ya dire a ƙofar kicin, ya ce wa ƙanwarsa ba tare da ya dube ta ba, "Ki gaya masa ya turo manyansa, kafin su ba shi wata."

Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aure. Khalil bai sauya ra'ayinsa kan tubabbu ba, har yau bai taka filin Ajilari ba, kuma in suka haɗu da Zayyad a majalisa sukan yi musu har jijiyar wuya ta tashi. Amma in an kira magariba tare suke tashi, sahu ɗaya suke tsayawa.

'Yan'uwana, musu ba ya ƙarewa a garin da aka ji ciwo, kuma ba wanda za a tilasta wa yafiya. Sai dai kada zafin abin da aka yi mana ya sa mu rama a kan wanda ke hannunmu. Rumaisa'u ta ƙi gina ɗakinta a kan korar wani, ta kuma ƙi saɓa wa na gaba da ita, ta tsaya a tsakani tana kuka tana haƙuri har Allah ya buɗe mata ƙofar da ta rufe da hannunta saboda Shi. Wanda ya bar abu don Allah bai yi asara ba, ko da an daɗe kafin ya gani.